Sharhi kan aikin wani ofishin nazari na Zinder da ya tsara mana kundin neman rezo

Ƙungiyarmu ta ƴan asalin wasu ƙauyuka na kudancin gundumar Mirya, mazauna birnin Zinder, ta ɗauki wani ƙaramin ofishin nazari na matasan injiniyoyi domin ya auna halin da rezon waya da intanet yake ciki a garuruwanmu, ya kuma tsara mana kundin da za mu kai gaban hukuma don neman a sa mu cikin garuruwan da za a tallafa wa. An kammala aikin, an biya kuɗinsa, kundin kuma yana hannunmu. Da yake wasu ƙungiyoyi irin tamu, daga Kance har Damagaram Takaya, suna ta tambayarmu ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, na ga ya dace in bayyana abin da muka samu dalla-dalla. Hukuncina shi ne aikin awon da suka yi nagari ne ƙwarai, lissafinsu na kuɗin tafiyar da kayan bayan an kafa su yana da rauni, kuma kuɗin irin wannan nazari bai kamata ya fito daga aljihun mutanen ƙauye ba.

Sai na fara da dalilin da ya sa ƙauye yake buƙatar kundi tun farko. Kamfanonin waya da ke aiki a Nijar, wato Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange, da Niger Telecoms na gwamnati wanda aka samar a 2016 bayan an haɗe Sonitel da SahelCom, ba sa kafa eriya sai inda lissafi ya nuna musu za su mayar da kuɗinsu. Garin da mutanensa ba su da yawa, ba shi da wutar lantarki, kuma yana nesa da kwalta, ba ya shiga wannan lissafi sai gwamnati ta cike giɓin. Don haka ne aka kafa asusun wadatar da kowa da sadarwa, wanda kamfanonin suke zuba wani kaso na cinikinsu a ciki, kuma don haka ne hukumar ANSI ta gwamnati mai kula da bunƙasa fasahar sadarwar zamani, wadda aka kafa a 2017, ta ɗauki nauyin shirin ƙauyuka na zamani, wanda Bankin Duniya ya amince ya ba shi dalar Amurka miliyan 100 a watan Yulin 2020 da nufin kai rezo ga ƙauyuka sama da 2,000. Tsarin irin wannan shiri shi ne a fitar da jerin garuruwa, a sa kamfanoni su yi gasa, a ba da tallafin ga wanda ya yarda ya yi aikin da kuɗi mafi ƙanƙanta. Duk abin ya rataya ne a kan jerin nan da taswirar da aka fitar da shi daga cikinta. Garin da taswira ta nuna yana da rezo alhali ba shi da shi, an tsallake shi ke nan, kuma babu wanda zai sani sai mutanensa.

Taswirar rezo da kamfanoni suke fitarwa ko'ina a duniya, hasashen kwamfuta ce. Ana ba na'ura tsawon eriya, da ƙarfinta, da yanayin ƙasa, ita kuma ta shafa launi a kan duk inda take tsammanin sigina zai kai. A ƙasa irin tamu, mai duwatsu a kewayen Zinder da Mirya, da tuddan rairayi da kwaruruka a wajen Korama, wannan hasashe yakan yi nisa da gaskiya, domin gari yakan zauna a kwari inda ruwa yake, sigina kuwa ya wuce ta samansa.

A nan ne ofishin ya nuna ƙwarewarsa, kuma a nan zan daɗe. Ba su zauna a Zinder sun rubuta rahoto daga abin da muka gaya musu ba. Sun hau babura sun bi kowane gari da kowace ruga da muka lissafa musu, da wani allo na katako da suka ɗaure wayoyi iri ɗaya a kansa, kowace da layin kamfani daban, domin kada a ce bambancin waya ne ya kawo bambancin sakamako. A kowane wuri sukan tsaya a ƙofar gidan mai gari, da bakin kasuwa, da makaranta, da ɗakin shan magani, da bakin rijiya, su ɗauki lambar wurin da GPS, su rubuta ƙarfin sigina, su gwada kira, su gwada aika saƙon murya na WhatsApp, su duba tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya tafi. Na raka su wani gari ranar kasuwarsa, na ga yadda ɗaya daga cikinsu ya tsuguna a gindin rumfar mai sayar da goro yana nuna wa dattawa lambar da ke fuskar wayar. Ya bayyana musu cewa ana auna sigina da lamba mai alamar ragi a gabanta, cewa 70 yana da kyau, 90 ana lallaɓawa, amma idan ya haura 110 wayar tana nuna sanda ɗaya ne kawai don ta kwantar wa mai ita da hankali. Daga nan ya ce su bi shi zuwa tudun da ke gabas da gari, inda kowa ya san nan ake zuwa kira. Suna tafiya lambar tana sauka, har suka iske samari da wata tsohuwa a gindin wata kuka, kowa ya ɗaga waya sama yana jiran saƙo ya shigo. Dattawan sun san tudun tun da aka kawo waya ƙasar nan, amma a ranar suka ga an mayar da saninsu lamba da za a iya rubutawa a kai wa hukuma.

Abin da awon ya fito da shi ya fi abin da muka zata tsanani ta wani ɓangare, ya kuma fi sauƙi ta wani. Garuruwa da dama da muke cewa ba su da rezo, ashe suna da na kira, wato 2G, wanda yake isa a yi magana amma ba ya ɗaukar hoto ko saƙon murya sai da wahala. Ga mutanen da yawancinsu ba su karanta boko ba, saƙon murya shi ne wasiƙarsu, da shi ɗan cin rani a Kano ko Agadas ko Libiya yake gaya wa gida cewa ya aiko da kuɗi ta Nita ko Al Izza, da shi mai rake da mai riɗi suke jin farashin kasuwar Dole kafin su ɗora kaya a mota. Don haka ofishin ya raba garuruwanmu kashi uku a kan taswira: waɗanda babu komai, waɗanda ke da kira babu intanet, da waɗanda ke samun intanet da dare kawai, lokacin da masu amfani da eriyar da ke nesa suka ragu. Wannan rabo ya yi mana amfani sosai, saboda maganin kowane kashi daban ne. Kashi na biyu, alal misali, ba lalle ne a kafa musu sabon ƙarfe ba, wani lokaci ƙara kayan 3G ko 4G a kan eriyar da ke akwai ya isa, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabon gini ba.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda suka ƙidaya masu buƙata. Alƙaluman da kowa yake dogara da su na ƙidayar 2012 ne, wadda ta nuna jihar Zinder tana da mutane sama da miliyan 3.5, fiye da kowace jiha a ƙasar, amma yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar yanzu sun isa riƙe waya. Matasan sun haɗa waɗannan tsofaffin alƙaluma da rajistar masu gari da ta makarantu, sun kuma lura da cewa yawan mutanen gari da damina daban yake da na rani, kuma garin da ke da kasuwar mako yana tara jama'ar ƙauyuka goma a rana ɗaya. Sun zo da mace a cikin tawagarsu, wadda ta shiga gidaje inda namiji baƙo ba ya shiga, ta zauna da mata a kan tabarma tana tambayarsu wace ce ke da waya tata ta kanta, wace ce ke aron ta miji ko ta ɗa, kuma a ina ake yin caji da nawa. Ba don ita ba, da kundin ya fito da rabin gaskiya, domin maza da aka tambaya a dandali duk sun ce gidajensu suna da waya, alhali wayar takan bi mai gida cin rani ta bar matan da yara babu hanyar kiran kowa idan naƙuda ta zo da dare.

Na kuma yaba musu da faɗin gaskiya a kan batun igiyar fiba, wato igiyar da ke ɗaukar intanet mai sauri. Mutanenmu sun ga ana haƙa rami a gefen hanyar Zinder zuwa Magarya ana binne igiya, a ƙarƙashin aikin layin fiba na ƙetare Sahara da Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, wanda ya ƙunshi kilomita 1,031 a cikin Nijar, har da reshen da ya tashi daga Zinder ya bi Magarya zuwa iyakar Najeriya. Tun daga lokacin kowa ya sa rai cewa intanet ya iso. A taron da aka yi a ƙofar gidan wani mai gari, dattijon ya tambayi shugaban tawagar, ya ce, “Yaro, igiyar nan da ta wuce ta bakin gonakinmu, me ya hana a ja mana ita?” Saurayin ya russuna ya ce, “Ranka ya daɗe, kamar babban bututun ruwa ne da ya ratsa gari zuwa birni. Idan ba a yi wurin buɗewa an kafa famfo ba, ko digo ba za ku sha ba, kuma ba ko'ina ake yarda a huda shi ba.” Daga nan ya bayyana cewa ana buɗe igiyar ne a wuraren da aka tanada, a haɗa ta da eriya, eriyar kuma ta miƙa wa wata eriya ta hanyar faranti masu kallon juna, waɗanda dole ne babu dutse ko tudu a tsakaninsu. Sun zana mana a kan taswira wuraren da ƙarfe zai iya tsayawa ya hango na gaba, da tsawon da ya kamata ya yi. Wani mai neman kuɗi da zai iya barin dattawa da fatansu, ya rubuta abin da suke so su ji.

Raunin aikin ya bayyana ne a babin wuta da kuɗin gudanarwa, kuma rauni ne babba, domin a nan ne ayyuka irin wannan suke mutuwa. Babu ɗaya daga cikin garuruwan da ke kan layin lantarki, kuma ko birnin Zinder kansa ya ɗanɗana abin da dogaro da layi ɗaya yake jawowa lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, har sai bayan da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024. Ke nan duk abin da za a kafa, da hasken rana zai yi aiki. Kundin ya faɗi yawan farantan sola da batura da ake buƙata, ya tsaya nan. Bai ce komai ba a kan cewa zafin watan Afrilu da Mayu yana rage wa batur kwana, ko cewa ƙurar hunturu tana rufe faranti har wutar ta ragu idan babu mai sharewa, ko wanda zai biya mai gadi, ko inda za a samo kuɗin sauya batura bayan ƴan shekaru. Haka kuma, da suka kawo shawarar Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijar bisa izini a 2025, a matsayin mafita ta wucin gadi ga ɗakin shan magani da makaranta, sun rubuta kuɗin sayen na'urar amma sun wuce da sauri a kan kuɗin wata-wata, wanda shi ne ainihin nauyin. Na'urar da aka saya da gudummawa, idan babu tsarin da zai biya mata kuɗin wata, ba ta daɗewa take komawa cikin kwali. Mun mayar musu da babin, sun ƙara shafuka, amma har yanzu ana ganin cewa injiniyoyin sigina ne suka rubuta shi, babu mai lissafin kasuwanci a cikinsu.

Batun fili ma sun bar shi a buɗe. Sun nuna tudun da ya fi dacewa da ƙarfe, ba su bincika gonar wa ce ba, alhali a ƙasar nan akwai kwamitocin kula da filaye tun daga matakin gari, waɗanda dokar karkara ta tanada, kuma takardar shaidar kyauta ko sayar da fili daga wurinsu tana cikin abin da zai sa kamfani ya ɗauki kundi da muhimmanci. Mu muka bi wannan da kanmu daga baya.

Sun kuma makara wajen miƙa aikin, saboda damina ta tare wasu hanyoyi, wanda uzuri ne da duk ɗan yankin zai karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne kawo rahoton da Faransanci zalla. Gaskiya ne ofisoshin Yamai da shi suke aiki, amma mutanen da suka tara kuɗin, da masu garin da za su sa hannu, suna da haƙƙin su san abin da aka rubuta da sunansu, balle yanzu da kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Da muka yi magana ba su yi gardama ba, sun naɗi bayanin kowane babi da murya cikin Hausa mai sauƙi, aka rarraba a wayoyi, kuma na ji an saurare shi a majalisu fiye da yadda za a karanta kowace takarda. Ya kamata wannan ya kasance cikin aikinsu tun farko ba sai an roƙa ba.

Game da farashi, ban ga sun tsawwala ba idan aka dubi man babura, da kwanakin da suka yi a daji, da kayan awo, kuma sun yarda an biya su kashi-kashi, na ƙarshe bayan an gyara rahoton. Amma kuɗin ya yi wa ƙungiya irin tamu nauyi, sai da ƴan kasuwarmu na Zinder da ƴaƴanmu da ke waje suka sa hannu sosai kafin ya haɗu, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk al'amarin. Mu muna da ƴaƴa a birni masu albashi da shaguna. Rugagen makiyaya na arewacin Tanut da Belbeji, da garuruwan Taskar da ke da nisan kwana a mota, waɗanda suka fi mu buƙatar rezo nesa ba kusa ba, ba su da ƙungiyar da za ta ɗauki injiniya. Idan aka bar nazari ya zama abin da gari yake saya da kuɗinsa, to waɗanda suka fi ƙarfi ne za su riƙa shiga gaba a jerin tallafin da aka yi domin marasa ƙarfi.

Akwai ƙasashen da suka gane haka suka ware kuɗin tsarawa daban da kuɗin gini. A Amurka, dokar 2021 da ta ware dala biliyan 42.45 domin kai intanet mai sauri yankunan da ba su da shi, ta ba kowace jiha damar karɓar har dala miliyan 5 tun farko don tsarawa kawai, wato tattara bayanai, da zama da jama'a, da rubuta shirin shekara biyar, kuma an buɗe hanyar da ƙananan hukumomi da jama'a za su ƙalubalanci taswirar hukuma idan ta nuna akwai intanet a inda babu. Nijar ba ta da irin wannan dukiya, kuma ba na cewa a kwafo tsarinsu. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar: a cire ɗan ƙaramin kaso daga asusun da kamfanonin waya suke zubawa, a ba ƙananan hukumomi da sharaɗin su yi awo a ƙasa bisa tsari ɗaya, su shigar da sakamakon cikin shirinsu na raya ƙaramar hukuma, a kuma buɗe ƙofa a hukumar ARCEP da ke sa ido kan sadarwa inda gari zai kai shaidarsa idan taswira ta yi masa ba daidai ba. Kantomomin da ke riƙe da ƙananan hukumomi tun watan Afrilun 2024 za su iya jagorantar wannan, kuma Jami'ar André Salifou da ke nan Zinder tana yaye matasan da za su iya aikin awon idan an horar da su na ɗan lokaci. Kuɗin eriya guda ɗaya da aka kafa a wurin da bai dace ba ya isa a auna gunduma sukutum.

Ga ƙungiyar da ba za ta iya jiran wannan ba, ina ba da shawarar ta ɗauki irin wannan ofishi, amma ta rubuta sharuɗɗanta a cikin yarjejeniya kafin a biya ko dala. A sa cewa za a yi awon da rani, kuma a maimaita shi a ranar kasuwa da kuma da dare. A sa cewa za a miƙa wa ƙungiya ainihin alƙaluman da lambobin GPS, ba taswira mai launi kawai ba, domin wani ya iya sake dubawa. A sa lissafin kuɗin gudanarwa na aƙalla shekara biyar, da batun fili, da bayani cikin harshen mutanen garin. A kuma fahimci cewa ofishin nazari ba ya kawo rezo, kuma namu bai taɓa yi mana alkawarin haka ba. Kundinmu yanzu yana ofishin ƙaramar hukuma, an aika da kwafinsa Yamai, mun kuma kai wa wakilan kamfanonin waya a Zinder babin da ya shafi garuruwan da ƙarin kaya a kan tsohuwar eriya zai wadatar da su, domin shi ne ɓangaren da ba ya buƙatar jiran tallafin kowa.